Waƙar mutum biyu a karaoke: me ake rerawa a Jos, kuma a kan me ake gardama?

Shin laifi ne namiji da mace su ɗauki makirufo su rera waƙa tare a gaban jama'a, ko kuwa nishaɗi ne da bai kai a ɗaga jijiyar wuya a kansa ba? Wannan tambaya ce ke tayar da ƙura a zaurukan WhatsApp na dangi da majalisun matasa a Jos duk sa'ad da wani gajeren bidiyo ya ɓulla: ga saurayi ga budurwa a wurin shaƙatawa, ido a kan allo, suna karɓa-karɓar baitoci, abokai na tafi. Kafin gari ya waye an rabu gida biyu. Masu cewa tarbiyya ta lalace suna gefe, masu cewa "to me aka yi?" suna gefe.

Yawancin masu gardamar suna cakuɗa abubuwa huɗu ne wuri guda: na'urar kanta, waƙar da aka zaɓa, wanda aka tsaya da shi, da wurin da aka tsaya. Kowanne da nasa hukuncin. In aka warware su, za a ga cewa waƙar mutum biyu tsohuwar aba ce a kunnen mai jin Hausa. Abin da ya zo sabo, wanda ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne makirufo ya shiga hannun kowa, kyamara kuma ta shiga aljihun kowa.

## Mene ne karaoke, kuma daga ina ya taso?

Karaoke shi ne a kunna kiɗan wata sananniyar waƙa ba tare da muryar mawaƙin ba, a fito da baitocinta a rubuce a kan allo, kalmomin suna sauya launi daidai lokacin da ya kamata a furta su, sai mai riƙe da makirufo ya cike gurbin mawaƙin. Ya bambanta da mamin ɗin da 'yan fim ke yi, inda muryar mawaƙi ke tashi jarumi yana motsa baki. A nan muryarka ce ke fita, da daɗinta da rashin daɗinta.

Daga Japan abin ya taso. Wani mai masana'antar kayan lantarki a Tokyo, Shigeichi Negishi, ya haɗa irin wannan akwati a 1967. Wanda sunansa ya fi fita shi ne Daisuke Inoue, makaɗi a birnin Kobe, wanda sana'arsa ita ce yi wa 'yan kasuwa kiɗa da dare su kuma suna rerawa. A 1971 ya fara ba da hayar akwatunan da ake jefa wa tsabar kuɗi su ba da kiɗa. Bai yi rajistar mallakar fasahar ba, don haka manyan kamfanoni suka ɗauka suka yi ta ƙerawa.

A shekarun 1980 Japanawa suka ƙara wani salo: ƙananan ɗakuna da iyali ko abokai ke kamawa na sa'a ɗaya ko biyu, su rufe ƙofa su yi waƙarsu ba mai kallonsu. Wannan bambanci yana da nauyi a wajenmu, domin salon da ya fi shigowa Najeriya shi ne na fili, a otal-otal da wuraren da ake sayar da barasa. Shi ya sa da an ce karaoke hankalin dattijo ke tafiya ga mashaya, kuma ba za a ce bai da hujja ba. Sai dai yau akwai salo na uku, wanda ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba: waya, lasifikar Bluetooth irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan lantarki na Terminus da titin Ahmadu Bello, da makirufo maras igiya. YouTube cike yake da kiɗan waƙoƙi da aka cire wa murya. Manhajoji irin su Smule da StarMaker suna haɗa ka da abokin waƙa da ke wata ƙasa, TikTok kuma yana raba allo gida biyu ka amsa wa wanda ba ka taɓa gani ba. Ta wannan hanya karaoke ya shiga falon gida, ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Jos, ya shiga liyafar ofis ta ƙarshen shekara, ba tare da ya bi ta ƙofar mashaya ba.

## Muryoyi biyu masu amsa wa juna: abin da muka taso da shi

Kusan duk waƙar da mai jin Hausa ya taso da ita, muryoyi ne ke amsa wa juna. 'Yan mata a dandali, ɗaya na bayarwa saura na karɓa da tafi. Mamman Shata da 'yan amshinsa. Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Waƙoƙin bege da na Islamiyya duk da amshi suke tafiya. A majami'un ECWA da COCIN, waɗanda hedikwatarsu ke nan Jos, matan Zumunta da Hausa suke rerawa, jagora na bayarwa jama'a na amsawa. Har Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da yake shi kaɗai ne da kuntiginsa, yakan shiga bakin miji ya fita ya shiga bakin mata ya koma bakin mai gulma, ka ji zance na kai-da-kawowa alhali maƙogwaro ɗaya ne.

Abin da finafinan Indiya suka ƙara shi ne tsayar da namiji da mace a matsayin tsara, kowa da baitinsa, zancen kuma na soyayya. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen sinima suka fara shigo da su Arewa, kuma duk wanda ya yi ƙuruciya a zamanin sinimar Kwararafa ta Jos ya san yadda samari ke haddace waƙoƙin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar ba tare da sun ji Indiyanci ba. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama a Kano daga 1990, ba a kai ƙarshen shekarun ba sai da waƙa ta zama ita ke sayar da fim. Fiyano ya maye gurbin kalangu a situdiyo, tsarin kuma ya zauna: namiji ya yi baiti, mace ta mayar, su haɗu a amshi. Jos na da kaso a wannan tarihi. Nan Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, da makarantar koyon aikin fim, kuma duwatsun garin sun sha fitowa a bayan jarumai masu mamin.

Wannan tsari ne ya fito da muryoyin Fati Nijar da Maryam A. Baba da Zuwaira Isma'il da Khairat Abdullahi, tare da mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa sunan namijin ake sani, macen da ta ɗauki rabin waƙar kuwa sai dai a ce "muryar mace". Duk wadda ta taɓa gwada rera baitin waɗannan mata da makirufo a hannu ta san cewa nasu ɓangaren ne ya fi wuya.

## Waƙoƙin da ake yawan zaɓa, da abin da ke sa wata ta yi wata ta ƙi

Kafin a kai ga sunaye, ginin waƙar ne ya kamata a duba, don shi ke nuna ko mutum biyu da ba su yi atisaye ba za su iya ɗaukarta. Akwai ta ba-ni-in-ba-ka, kowa da baitinsa, ba a hawa kan juna. Ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce tsarin waƙoƙin fim na Hausa da na Indiya. Akwai ta haɗa murya, inda mutum biyu ke rera kalmomi iri ɗaya a lokaci guda amma kowa a nasa matakin sauti. Wannan tana bukatar kunne, shi ya sa 'yan kwayar coci suka fi kowa iya ta. Sannan akwai wadda ɗaya ke jan dogon baiti cikin sauri ɗayan yana riƙe da amshi kawai, wadda ta fi dacewa idan ɗaya gwani ne ɗayan mai jin kunya.

A cikin na Turanci, akwai guda uku da da wuya ka buɗe jerin wata manhajar karaoke ba ka same su ba. "Islands in the Stream" ta Kenny Rogers da Dolly Parton, ta 1983, tana da farin jini wajen manya saboda gidajen rediyonmu sun daɗe suna sa waƙoƙin mawaƙan biyu, kuma tana da sauƙi: ba ta gudu, ba ta hawa sama sosai. "Endless Love" ta Lionel Richie da Diana Ross, ta 1981, tana yaudarar mutane. Jinkirinta ke sa a ɗauka mai sauƙi ce, alhali jinkirin ne ke tona asirin wanda numfashinsa bai da tsawo, ga kuma haɗa murya a kusan ko'ina. "Shallow" ta Lady Gaga da Bradley Cooper, ta 2018, rabon da ta yi ba na adalci ba ne. Namijin ya yi baitinsa a ƙasa cikin kwanciyar hankali ya koma gefe, ya bar macen da hawan da ƙwararru ma ke yi wa shiri.

A na gida, "Essence" ta Wizkid da Tems, ta 2020, ta yi wa mata masu kaurin murya gata, don muryar Tems ba siririya ba ce. Waƙoƙin da Adekunle Gold da Simi suka yi tare sun zama na ma'aurata, musamman tunda su kansu sun yi aure a 2019. Na Indiya kuwa, waƙoƙin finafinan Shah Rukh Khan da Kajol na shekarun 1990, da muryoyin Udit Narayan da Alka Yagnik da Kumar Sanu, har gobe suna tayar da falo, kuma allon kan rubuta su da haruffan boko.

Kuskure ne a ɗauka duk waƙar mutum biyu ta soyayya ce. Onyeka Onwenu da King Sunny Ade sun yi "Wait for Me" a 1989 don wayar da kan matasa game da haƙuri da tsarin iyali. Youssou N'Dour na Senegal da Neneh Cherry sun yi "7 Seconds" a 1994, da harsuna uku, a kan jaririn da ya zo duniya bai san bambancin launin fata ba. Su P-Square, tagwayen da suka girma a garin nan, wa da ƙani ne ke karɓa wa juna. Mata biyu, maza biyu, uwa da 'ya, duk suna da abin da za su rera. Wanda ya ce ba ya son 'yarsa ta tsaya da baƙon namiji tana amsa masa kalaman soyayya bai ce kada ta yi waƙa da ƙanwarta ba.

## Me ya sa waƙar da ta yi daɗi a waya take gagara a makirufo?

Ga yadda abin kan kasance. Yammacin ranar Sallah ne a wani gida a Unguwar Rogo, an ci an sha, an jona lasifika da waya. Ƙanwa ta miƙa wa yayanta makirufo ɗaya.

"Yaya, kai ka ɗauki na namijin, ni zan yi na macen."

Ya shiga baitinsa lafiya lau. Da aka zo nata, layin farko ya wuce, a na biyu muryar ta maƙale, ta koma tari, yara suka fashe da dariya. Ɗan wanta da ke riƙe da wayar ya ce, "Anti, bari in sauke miki shi biyu." Ya sauke, aka sake daga farko. Yanzu ita ta samu wuri, shi kuma yayan ya nutse har ba a jin abin da yake faɗa. Daga madafa mahaifiyarsu ta ɗaga murya: "Ku rage ƙarar nan, an kusa kiran magariba."

Abin da ya faru ba rashin iyawa ba ne. Muryar namiji baligi da ta mace suna da tazarar da ta kai kusan cikakken tsani guda na sauti. An yi kiɗan ne daidai da maƙogwaron mawaƙan asali, kuma maɓallin ɗagawa da saukewa da ke jikin na'ura yana motsa kiɗan gaba ɗaya ne, ba ya raba na mace da na namiji. In ka sauke don ita, ka sauke masa shi ma. Mafita ita ce a sauke kaɗan, mataki ɗaya ko biyu, wanda abin ya yi wa ƙasa ya matso da makirufo kusa da baki, wadda ya yi wa sama ta ja shi baya idan za ta hau.

Waƙoƙin Hausa na zamani suna da ƙarin matsala. Tun da manhajar gyaran murya ta Auto-Tune ta fito a 1997 ta kuma iso situdiyoyinmu, an saba da muryar mace siririya ƙwarai, mai santsi, wadda kwamfuta ta daidaita mata kowane hawa da sauka. Abin da ake ji a waya haɗin gwiwa ne tsakanin mawaƙiya da injiniya. Yarinyar da ta kasa kamo shi a falo kada ta ɗauka muryarta ce ba ta da kyau. Ga kuma yanayin Jos, gari mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku. Sanyi da busasshiyar iskar hunturu suna busar da maƙogwaro, kuma ruwan ɗumi ya fi lemon firji amfani ga wanda zai riƙe makirufo a watan Disamba.

## Ɓangarorin gardamar

Na farko su ne masu ganin kiɗa da kansa bai halatta ba. Saɓanin tsoho ne. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da bandiri a lokacin biki, yayin da irin su Ibn Hazm da Imam Ghazali suka sassauta da sharuɗɗa. A garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, ba abin mamaki ba ne gidaje da yawa su tsaya a kan ra'ayin farko. Mai wannan matsayi maganarsa a fili take, ba karaoke kaɗai ya ƙi ba, kuma bai kamata abokai su matsa masa da "haba, waƙa ɗaya ce kawai" ba. A ɓangaren Kirista ma akwai iyaye da fastocin da ke raba waƙar yabo da waƙar duniya, suna kuma ƙyamar wuraren da ake shan giya.

Na biyu su ne mafi yawa, kuma a nan ruɗanin yake. Mutum ne da ke jin waƙar fim a motarsa, ya biya DJ a bikin 'yarsa, ya yi liƙi a wajen dina, amma ya ga bidiyon karaoke ransa ya ɓaci. Idan ka zauna da shi za ka gane ba waƙar ce ta dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne wace ce ta tsaya, da wa ta tsaya, ƙarfe nawa, kuma me ke kan teburin da ke bayansu. Damuwa ce ta gaskiya, kuma zai fi amfani a kira ta da sunanta maimakon a ɗora wa na'ura laifi.

Abin da ya faru a Oktoban 2016 ya nuna haka ƙarara. Ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowa a bidiyon wata waƙar soyayya ta ClassiQ, mawaƙin da ke zaune a Jos a lokacin. Waƙoƙin soyayya tsakanin namiji da mace sun cika masana'antar kafin ranar da bayanta, ba wanda aka kora a kansu. Abin da aka hukunta shi ne hoton, wato riƙe hannu da runguma. Kuma macen ce ta ɗauki nauyin. Haka abin yake har yau a ƙaramin mataki: idan bidiyon karaoke ya fita, saurayin a ce masa ɗan gaye, budurwar kuwa maganar ta biyo ta har ranar da za a zo neman aurenta.

Na uku su ne matasan kansu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa a garin da wuraren nishaɗi na mutunci ba su da yawa, taron da ake zaune ana dariya ana waƙa ya fi zaman kashe wando a bakin titi da abin da ke biyo bayansa. Suna cewa mai in'ina da mai tsoron jama'a sun sha samun bakin magana daga riƙe makirufo. Na yarda da su a nan. Inda na rabu da su shi ne sakacin da suke yi da waya. Wadda ta yarda ta rera waƙa a gaban abokai goma ba ta yarda a nuna ta ga mutum dubu goma ba, kuma aboki na gari ba ya ɗora bidiyon wani sai ya tambaye shi.

Ga ma'aurata kuwa, a cikin gidansu, ban ga abin da ya rage na gardama ba in ban da batun kiɗa da aka ambata. A 2020, lokacin kullen korona, matan aure da dama sun yi ta yi wa mazajensu rawa da waƙar "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker, kuma abin da malamai da dattawa suka fi yin tir da shi a lokacin shi ne fitar da bidiyon zuwa intanet.

## Abin da ya shafi maƙwabci da mai wuri

Ƙara ita ce ta fi shafar wanda bai ma je wurin ba. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne, kunne na jure ƙarar da ta kai desibel 85 na sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, wanda lasifikar biki ke kaiwa cikin sauƙi, minti 15 ne. Ƙaramin ɗaki mai rufin kwano da lasifika biyu na iya cutar da kunnen yaran da ke zaune a gabansu. Hukumar kula da muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009, amma a unguwannin da gida ke manne da gida, kunyar maƙwabci da lokutan ibada su ne ke aiki kafin doka ta iso.

Mai wuri kuma yana da nasa nauyin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi cewa mai amfani da waƙar wani a bainar jama'a don kasuwanci sai da izini, kuma akwai ƙungiyar MCSN da ke karɓar irin wannan kuɗi a madadin mawaƙa. Wanda ke waƙa a falonsa wannan bai shafe shi ba. Wanda ke sayar da abinci da lemo albarkacin waƙar ya shafe shi.

## Ina waƙoƙin Hausa a cikin jerin?

Wannan ne ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, kuma shi ya fi damuna. Miji da mata sun je wani wurin cin abinci a Rayfield da ke yin karaoke a daren Juma'a. Matar ta je wajen yaron da ke kula da kwamfuta ta faɗa masa waƙar da aka sa a bikinsu. Ya buga sunan, ya sake bugawa, ya girgiza kai.

"Hajiya, babu ita a ciki. Sai dai in kunna ta da muryarsu in rage ƙara, ku bi ta sama."

Suka koma suka zaɓi ta Turanci, wadda mijin bai san rabin kalmominta ba.

Harshen da ke cike da waƙoƙin namiji da mace shi ne ba ya cikin na'urar da aka yi don irin waɗannan waƙoƙi. Dalilan a bayyane suke. Kamfanonin da ke haɗa jerin waƙoƙin karaoke suna waje, kuma suna bin waƙoƙin da ke da rajista da mai haƙƙin da za a iya samu a biya. Yawancin waƙoƙin fim na Hausa an yi su ne a ƙananan situdiyo, furodusa ya biya mawaƙi da makaɗi kuɗin aiki, ba takarda, har ba a san takamaimai wa ke da kiɗan ba. Da yawa ba a ajiye kiɗan daban da murya ba, ko an ajiye kwamfutar ta lalace da shi. Manhajojin da ke cire murya daga waƙa suna taimakawa, amma sukan bar wani amo a baya, musamman inda siririyar muryar mace ta haɗu da sautin fiyano. Sannan ga rubutu. Baitocin da ake samu a intanet cike suke da kurakurai, ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, kuma ba wanda ya zauna ya daidaita su da bugun kiɗa.

A Jos wannan rashi ya wuce batun nishaɗi. Tun rikicin Satumban 2001 unguwanni suka rabu, har akwai matasan da suka girma ba su taɓa zama a falon wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da bai rabu ba shi ne harshen kasuwa da na cikin keke. Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da Bahaushe da Bafulatani duk da Hausa suke ciniki, kuma waƙar Ɗanmaraya ko ta Jeremiah Gyang ba ta tambayar unguwar mai sauraro. A liyafar ofis ko taron 'yan ajin jami'a, inda waɗannan matasa ke haɗuwa, waƙar Hausa ce kowa zai iya kama amshinta, ita ce kuma ba a samu.

Gyaran bai fi ƙarfin mawaƙanmu ba. Duk situdiyon da ya haɗa waƙa yana da kiɗanta a ware kafin a ɗora murya, fitar da shi aikin 'yan mintoci ne. Abin da ya rage shi ne a samu wanda ya iya ƙa'idar rubutun Hausa ya rubuta baitocin, a ba na namiji launi ɗaya na mace wani launi, a sa sunayen mawaƙan biyu da na makaɗin, a ɗora a shafin mawaƙin na YouTube inda kuɗin talla zai shiga aljihunsa maimakon na wani da ya kwafa. Zai yi kyau a fitar da nau'i biyu, ɗaya a matakin asali, ɗaya an sauke shi mataki biyu don muryoyin gida. Ga tsofaffin waƙoƙin da kiɗansu ya ɓace, makaɗan da suka buga su da yawa suna raye a Kano da Kaduna da Jos, kuma za su iya sake bugawa idan furodusa da mawaƙi suka zauna suka rubuta wa ke da me.